Gwamnati, banki, ƙungiyar agaji ko jami'a: wace siyasar ofis ce za ka iya zama da ita?

Idan matashi ya gama bautar ƙasa, Allah ya taimake shi ƙofa biyu ko uku suka buɗe masa a lokaci guda, abin da yake fara tambaya shi ne nawa ne albashin. Iyaye kuma su tambaya ko akwai fansho. Da wuya ka ji wanda ya tambayi abin da zai fi hana yaron barci bayan wata shida da kama aiki, wato wane ne zai riƙe wuyansa a wurin, kuma da me zai riƙe shi. Babu wurin aikin da babu siyasa. Duk inda ake rabon aiki da rabon kuɗi da rabon yabo, sai an samu 'yan gaban goshi, sai an samu 'yan bora, sai an samu mai kai rahoto wurin oga bayan an tashi. Sai dai siyasar ba iri ɗaya ba ce, kuma halin mutum ba ya ɗaukar kowace iri. Na ga wanda banki ya gagare shi zama, ya koma ma'aikata ya zama abin kwatance. Na kuma ga wanda zaman ma'aikata ya kusa kashe masa zuciya, da ya koma ƙungiyar agaji sai ga shi ya farfaɗo.

Don haka kafin ka sa hannu a takardar ɗaukar aiki, tambaya uku nake so ka yi wa kowane wuri. Wa ke da ikon cutar da ni a nan? Mene ne makaminsa? In ya cuce ni, ina zan kai kuka a saurare ni? Amsoshin sun bambanta ƙwarai daga wuri zuwa wuri.

A aikin gwamnati, makamin da ake yaƙi da shi lokaci ne. Matakan albashi daga 01 ne zuwa 17, kuma mai digirin farko yana shiga ne a mataki na 08. A tsarin tarayya, daga mataki na 07 zuwa na 14 sai ka yi aƙalla shekara uku kafin ka cancanci zama jarrabawar ƙarin girma, daga na 15 zuwa sama kuma shekara huɗu. Ritaya tana zuwa in ka cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga. Wannan lissafi shi ne gindin duk wata siyasa ta sakatariya. Wanda ya sa ka rasa zagaye ɗaya na ƙarin girma ya ci maka shekara, wani lokaci biyu, kuma ba za ta dawo ba. Abokin shigarka ya zama na gaba da kai, kuma haka za ku tafi har ɗaya ya ajiye aiki.

Ga yadda abin yake a zahiri. Ka rubuta takardar neman izinin tafiya ƙaro karatu. Ta shiga rajista, aka buga mata hatimi, aka sa ta a fayil ɗinka, masinja ya ɗauka ya kai teburin shugaban sashenku. Ya rubuta layi biyu, ya tura gaba. Na gaba ya rubuta a duba a ba da shawara, ya mayar ƙasa. Can sai fayil ɗin ya faɗa hannun wani da kuka taɓa saɓawa a taro, ko wanda yake ganin ba ka gaishe shi kamar yadda ya kamata ba. Ba zai ce a hana ka ba, don ya san babu dokar da ta ba shi dama. Haruffa uku kawai zai rubuta, KIV, wato a ajiye sai an waiwaya, ya jefa fayil ɗin ƙasan durowa. In ka je tambaya ya tarbe ka da fara'a, ya ce ai ana kai, ka ƙara haƙuri. Makarantar ta rufe rajista, shekara ta wuce, kuma babu takarda ko ɗaya da za ka ɗaga ka ce ga wanda ya zalunce ni.

Sauran makaman duk dangin wannan ne. Akwai fom ɗin auna ƙwazo na shekara da ake kira APER, wanda na gaba da kai ke cikewa, ko da yake gwamnatin tarayya ta fara maye gurbinsa da sabon tsari. Akwai canjin wurin aiki: a ɗauke ka daga ma'aikata mai maiƙo, irin ta kuɗi ko ayyuka ko filaye, a kai ka inda ko takardar rubutu sai ka saya da kuɗinka, ko a tura ka ƙaramar hukumar da ke nesa da iyalinka. Sannan akwai jerin sunaye, wanda a ganina shi ne ya fi raba kan ma'aikata. Wa za a sa a kwamiti, wa zai tafi bita Kaduna ko Abuja ya karɓi kuɗin kwana, wa za a tura kwas. Albashi ba ya kai wata, mafi ƙarancinsa ma sai a 2024 ya kai naira 70,000, saboda haka waɗannan 'yan alawus ɗin su ne cefanen gidaje da yawa. Wanda ke rubuta jerin sunayen ya fi wasu daraktoci ƙarfi.

A saman wannan kuma akwai 'yan siyasa na gaske. Kwamishina ko minista yana zuwa da mutanensa, ya yi shekarunsa ya tafi, kai kana nan. Babban haɗari shi ne ka manne wa wanda ke kan kujera har a yi maka lamba, in gwamnati ta sauya a ce ai wane ɗan tsohuwar gwamnati ne, a kai ka wani ofis da babu aiki a ciki ka yi ta karatun jarida. Manya ma ba su tsira ba. A 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta sallami ma'aikata fiye da dubu goma a ɗan ƙanƙanen lokaci, kuma har yau tsofaffin ma'aikata suna cewa tun daga nan ma'aikaci ya koyi neman ubangida. Dokar wa'adin shekara takwas ga daraktoci da manyan sakatarorin tarayya an kawo ta a 2009 zamanin Shugaba 'Yar'adua, aka dakatar da ita a 2016, aka dawo da ita a 2023. Kowane juyi daga cikin waɗannan ya tashi wasu daga kujera, ya buɗe wa wasu hanya.

Duk da haka, aikin gwamnati yana da abin da sauran ba su da shi, kuma ba na so a raina shi. Korar tabbataccen ma'aikaci aiki ne ja. Sai an ba shi kweri a rubuce, ya ba da amsa a rubuce, kwamitin ladabtarwa ya zauna, hukumar kula da ma'aikata ta amince. In aka tsallake mataki, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana iya mayar da mutum bakin aikinsa, a biya shi albashinsa na baya. Oganka zai iya jinkirta ka, ya ɓata maka rai, ya hana ka tafiye-tafiye, amma da wuya ya raba ka da abincinka. Shi ma kuma wata rana za a canja masa wuri ko ya yi ritaya. Mai haƙuri, mai iya rubuta minit mai tsabta, wato bayanin da ake yi a kan fayil, mai zuwa suna da jana'iza da ɗaurin auren abokan aiki, wanda ba ya jin nauyin cewa ranka ya daɗe ga wanda ya riga shi shiga ko da ya fi shi ilimi, wannan zai yi nisa. Wanda kuwa jininsa ke tafasa, yake so a ga aikinsa a yaba masa a bana, zaman zai yi masa tsawo.

Banki kishiyar wannan ne ta kusan kowace fuska. A nan makamin lamba ce. Ana ba reshe taget daga hedikwata, manaja ya raba wa ma'aikata: kuɗin ajiya kaza, sababbin asusu kaza, na'urar POS kaza. Ranar Litinin da sassafe, kafin a buɗe wa kwastomomi ƙofa, a zauna mitin, a haska sunan kowa da abin da ya kawo, wanda ya gaza a ja masa jan layi kowa yana kallo. Manajan da ke ɗaga maka murya shi ma daga ɗaga masa muryar aka fito, don a taron wata-wata na shiyya haka ake yi masa. Wanda bai san wurin ba zai ɗauka tunda lamba ce ke magana, babu siyasa. Akwai ta, kuma tana nan ne a kan wa za a rubuta wa lambar. Ka yi wata uku kana sintiri Kasuwar Singa ko Dawanau wurin wani Alhaji, ka je gaisuwar rasuwa, ka je ɗaurin auren 'yarsa, har ya yarda ya buɗe asusu. Ranar da kuɗi suka shigo sai ka ga an maƙala asusun a lambar wani, wai ai manaja ne ya fara yi masa magana tun bara. In ka yi shiru, ƙwazonka ya tafi aljihun wani. In ka yi magana, ka saɓa da wanda zai cike maka fom ɗin ƙarshen shekara.

Akwai kuma tsohuwar tsama tsakanin 'yan kasuwanci masu fita neman kwastoma da masu aikin cikin gida da ke kan kanta da bayan kanta. Na farko suna ganin su ke kawo abinci, na biyu suna ganin su ke tare ɓarna. Ƙasa da su duka akwai ma'aikatan kwantiragi da wani kamfani daban ya ɗauko wa bankin, suna aiki iri ɗaya da tabbatattu amma albashi da daraja ba ɗaya ba. In an ce maka ka samu aikin banki, fara duba sunan wanda ke saman takardar, bankin ne ko wani kamfani. Ga ɗan Arewa akwai ƙarin abu: yawancin hedikwatocin suna Legas, kuma a can ake yanke ƙarin girma. Ma'aikacin reshen Gusau ko Azare, komai ƙoƙarinsa, yana buƙatar wani babba da zai ambaci sunansa a ɗakin da shi ba zai taɓa shiga ba.

Abin da na fi ji wa matasa tsoro a banki shi ne umurnin baki. Manaja ya leƙo ya ce a biya wannan cekin, Alhaji ne, takardun za su biyo baya. Ka biya don kada a ce ka cika taurin kai. Ranar da masu binciken kuɗi suka zo, sa hannunka za su gani, maganar manaja kuwa ta bi iska. Wannan tarkon yana nan a ma'aikatun gwamnati ma, musamman sashen kuɗi da na ba da kwangila, amma a banki hukuncin ya fi sauri. Haka ma kora. Sau da yawa ba a ma kiranta kora, sai a ce an ba mutum shawara ya ajiye aiki, da yamma ya ga kwamfutarsa ta ƙi buɗewa. In ya je kotu, abin da ya fi yawa shi ne a ba shi kuɗin sallama, ba a mayar da shi kujerarsa ba. Ga kuma guguwar da ke tasowa daga sama wadda ba ruwanta da ƙwazonka. Lokacin da gwamnan Babban Bankin Najeriya Charles Soludo ya ɗaga mafi ƙarancin jarin bankuna zuwa naira biliyan 25, bankuna 89 suka koma 25 a ƙarshen 2005. A 2009 wanda ya gaje shi, Sanusi Lamido Sanusi, ya tuɓe shugabannin wasu manyan bankuna. A 2015 tsarin asusun bai-ɗaya na TSA ya kwashe kuɗin gwamnatin tarayya daga bankunan kasuwanci, taget ya ƙara zafi. A 2019 bankin Access ya haɗe da na Diamond, a 2024 aka soke lasisin bankin Heritage. Duk lokacin da banki biyu suka haɗe, sai ka ga ma'aikata sun rabu gida biyu, 'yan gida da 'yan karo, kuma a kujera ɗaya mutum ɗaya ne zai zauna.

To me ya sa har yanzu nake ce wa wasu su tafi banki? Saboda lamba, duk da zafinta, garkuwa ce. Wanda ke cika taget, ko manaja ba ya ƙaunarsa sai ya lallaɓa shi, kuma wani bankin yana jiransa da ƙarin mataki. Ɗan talakan da ba shi da uwa a gindin murhu zai iya hawa cikin shekara takwas inda a ma'aikata sai ya yi ashirin. Wanda batun kuɗin ruwa ke damun zuciyarsa yana da zaɓi yanzu, tunda akwai bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa: Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, wasu kuma sun biyo baya. Amma ya sani cewa taget da mitin ɗin Litinin suna nan a can ma.

Ƙungiyoyin agaji su ne wurin da ya fi ruɗin sabon shiga. Tun wajen 2016 da ayyukan jinƙai suka bunƙasa a Borno, Yobe da Adamawa, daga baya suka faɗaɗa zuwa Sakkwato, Zamfara da Katsina, matasa da yawa suka samu albashin da ba su taɓa mafarki ba. Ofis mai sanyi, kowa yana kiran kowa da sunansa, babu ranka ya daɗe, shugaba ma yana haɗa shayinsa da kansa. Sai mutum ya saki jiki. Makamin wurin nan kuwa kwantiragi ne, na wata shida ko shekara ɗaya, ɗaure da kuɗin masu ba da tallafi. Ba sai an kore ka ba. In lokacin ya cika sai a aiko maka da imel mai daɗin lafazi, a gode maka, a ce babu kuɗin ci gaba da wannan gurbin. Bayan wata ɗaya ka ga an tallata gurbi mai kama da shi da wani suna. Babu kotun da za ka je, don ba a karya wata yarjejeniya ba.

Rarrabuwar kai a nan tana da layuka da yawa: ma'aikatan ƙasashen waje da na gida, 'yan jiha da waɗanda suka zo daga wasu jihohi, masu aikin fili da masu kuɗi da sayayya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne rabon yabo. Wanda ke jin Barbarci da Hausa, shi ke shiga Monguno ko Bama ko Dikwa, ya wuni a rana cikin sansani da haɗarin hanya. Wanda ya iya tsara rahoto da Turanci mai santsi yana zaune a Maiduguri ko Abuja, kuma sunansa ne ke isa wurin masu ba da kuɗi. In za ka shiga wannan aikin, ka koyi rubuta rahoton abin da ka yi da hannunka, kada ka bar wa wani. Faɗa a nan ba a yin sa da baki, da imel ake yi, a sa manya a kwafi. Wata siyasar kuma daga gida take biyo ka: kawu yana son kwangilar kai kaya, maƙwabci yana son a sa sunan ɗansa, mai unguwa yana da nasa jerin. Ƙin yi yana jawo maka baƙin jini a gari, yi kuma yana iya raba ka da aikin har abada, don duniyar ƙungiyoyin ƙarama ce, kuma kowace sai ta tuntuɓi wurin da ka baro.

Ta fuskar kai kuka, a nan aka fi samun hanya a rubuce, musamman a kan cin zarafin mata da almundahana, kuma manyan ƙungiyoyi suna ɗaukar irin wannan ƙorafi da gaske. Amma ƙasan da kake tsaye a kai ba naka ba ne. A Satumbar 2019 sojoji suka rufe ofisoshin Action Against Hunger da Mercy Corps a Arewa maso Gabas na wasu makonni. A Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa a ƙasashen waje, daga baya aka rushe hukumar USAID, ayyuka da yawa suka tsaya cak. Wanda ya iya zama da oga da wanda bai iya ba, rana ɗaya suka koma gida.

Jami'a kuwa, mutane suna ɗauka wurin natsuwa ne, kuma ta wata fuskar haka ne. Babu mai tsaya maka a ka da agogo. Amma a nan ne gaba ta fi daɗewa. Sau da yawa sashen da ya koyar da kai shi ke ɗaukar ka, saboda haka shugaban sashenku malaminka ne, mai duba kundin digirinka na biyu ko na uku shi ne kuma mai zama a kwamitin ƙarin girmanka. Tsanin yana da tsawo, daga mataimakin malami har zuwa babban lakcara, sannan rida, wato mataimakin farfesa, sannan farfesa, kuma ba ka wuce tsakiya sai da digirin digirgir. Wanda ya ajiye babi ɗaya na kundinka a teburinsa shekara guda ya tsayar da rayuwarka gaba ɗaya. Ƙaramin malami shi ake jibga wa ajin 'yan shekarar farko mai ɗaruruwan ɗalibai, shi ne jami'in jarrabawa, shi ne mai rubuta bayanin taro, sannan a tambaye shi ina maƙalun da ya buga. Wa za a tsayar wa tallafin karatu ko na halartar taro daga TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, sunan wa za a sa a maƙalar da bai rubuta ba, duk siyasa ce. In zaɓen shugaban tsangaya ya zo, ko wa'adin shekara biyar na shugaban jami'a ya kusa ƙarewa, sai sansanoni su bayyana, wani lokaci a kan jiha ko masarauta ko aƙida, kuma ko ba ka shiga ba za a lissafa ka a ɓangaren malaminka. Tunda malami yana kai wa shekara 65, farfesa kuma 70, wanda kuka ɓata da shi yau kuna iya shekara talatin kuna haɗuwa a baranda ɗaya.

Garkuwar malamin jami'a rubutunsa ne. A manyan matakai ana aika ayyukan mutum wurin masana na wasu jami'o'i su auna, kuma abin da aka buga ba mai iya ɓoye shi a durowa. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ma tana tsaya wa ɗanta fiye da yawancin ƙungiyoyin ƙwadago, sai dai kuɗin wannan ƙarfi shi ne yajin aiki, kamar na 2022 da ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, aka riƙe albashi.

Asibiti ba zan daɗe a kansa ba, don wanda ya karanta aikin lafiya ya riga ya zaɓa. Ya dai sani cewa a can siyasar ta sana'a ce kafin ta zama ta mutum: likitoci a gefe ɗaya da tsarin albashinsu na CONMESS, ma'aikatan jinya da masu haɗa magunguna da na ɗakin gwaji a ɗaya gefen da nasu tsarin na CONHESS, kuma takaddamar wa ya cancanci shugabancin asibiti ta girmi duk wanda zai shiga yau.

Saura wurin da ba a cika lissafawa ba alhali shi ya fi ɗaukar mutane: kamfanin mutum ɗaya, ko makaranta mai zaman kanta, ko gidan mai, ko shago a Kantin Kwari. A nan amsar tambayoyin nan uku duk mutum ɗaya ce. Maigida shi ne mai ɗauka, shi ne mai kora, shi ne kotun ɗaukaka ƙara. Siyasar duka a kan kunnensa take, wa ya riga isa, wa ke shiga mota da shi, wa Hajiya ta yarda da shi. Kana iya zama manaja a takarda, amma ɗan maigida da ya dawo daga karatu jiya ko direban da ya shekara ashirin tare da shi ya fi ka faɗa a ji. Sau da yawa babu takardar ɗaukar aiki, balle fansho. In maigida ya rasu aka zo rabon gado, ma'aikaci ba ya cikin lissafi. Amma ban taɓa raina wannan hanya ba, domin a nan ne kawai amana take iya mayar da yaron shago mai shago. Maigidan kirki yana sallamar yaronsa da jari, ya haɗa shi da masu ba da kaya, ya yi masa aure. Komai ya dogara ga halin mutum guda, saboda haka shi za ka bincika, fiye da yadda za ka bincika kamfanin. Ka tambaya a kasuwa yara nawa ya sallama, kuma ina suke yanzu.

In ka ce in zaɓa maka, ga yadda nake gani. Wanda ke da nauyin iyaye da ƙanne a kansa, wanda wata ɗaya babu albashi zai jefa gida cikin wani hali, ya karɓi aikin gwamnati in ya samu, ya haɗa da 'yar sana'a, ya sa a ransa cewa tafiyar doguwa ce. In akwai zaɓi tsakanin tarayya da jiha, na tarayya ya fi nisa da idon 'yan siyasar garinku, a jiha kuwa kowa ya san gidanku da wanda mahaifinka ya zaɓa. Wanda yake da ƙuruciya, ba shi da iyali tukuna, kuma ba ya jin kunyar a ce masa a'a sau goma a rana, ya fara da banki ko ƙungiyar agaji. Dalilina shi ne ƙofofin ba sa buɗewa ta kowane ɓangare daidai. Bankuna suna sa iyakar shekaru ga sababbin shiga, kuma wanda ya shekara goma a sakatariya da wuya ya jure mitin ɗin Litinin, alhali wanda ya fito daga banki ko ƙungiya yana iya shiga gwamnati ko jami'a daga baya da ƙwarewarsa. Tun dokar fansho ta 2004, asusun fanshonka naka ne, yana bin ka in ka sauya wurin aiki a tarayya ko kamfanoni, ko da yake jihohi kowace da nata tsarin. Sharaɗin kawai shi ne ka yi ajiya kamar wanda ya san kwantiraginsa zai ƙare, kada ka ɗauki hayar gida da kuɗin makarantar da albashin gwamnati ba zai iya riƙewa ba.

Ke kuma ƙanwata, lissafinki yana da ƙarin layi. Dokar ƙwadago ta ba mai haihuwa mako goma sha biyu, gwamnatin tarayya tana ba da fiye da haka da cikakken albashi, kuma lokacin tashi a ma'aikata ya fi dacewa da mai yara. A banki, hutun haihuwa yana nan a takarda, amma asusun da kika tara suna iya komawa hannun wani kafin ki dawo, kuma matsin neman kuɗin ajiya yana kai mata ofisoshin mutanen da ba duka ne masu mutunci ba. A jami'a da ma'aikata, haɗarin shi ne babba ɗaya da ke riƙe da kundinki ko fayil ɗinki. A ko'ina kika samu kanki, ki nemi babbar mace da ta daɗe a wurin tun makon farko, ki riƙe ta uwa, kuma duk saƙon da bai dace ba da aka turo miki ki adana shi, kada ki goge.

Kafin ka amsa kowane tayi, ka samu mutum biyu: wanda ke aiki a wurin yanzu a ƙaramin mataki, da wanda ya bar wurin. Na ciki zai gaya maka wa ke da faɗa a ji, wanda sau da yawa ba shi ne mai babban ofis ba. Direbobi da masinjoji da sakatarori sun fi kowa sanin wannan. Wanda ya fita kuma zai gaya maka abin da na ciki ke tsoron faɗa. Ka tambaye su yadda wanda ya riƙe kujerar kafin kai ya bar ta, ko ƙarin girma ya samu ko turo shi waje aka yi, da mutum nawa suka zauna a kanta cikin shekara uku da suka wuce. In an kira ka ganawa, ka nemi sanin wanda zai zama oganka kai tsaye, ka kuma roƙi a ba ka sharuɗɗan aikin a rubuce ka je gida da su ka karanta, musamman sashen da ya yi maganar lokacin gwaji da yadda ake raba gari.